Albarracín: garin da ake kwana a cikinsa kafin a ce an gan shi

Albarracín ƙaramin gari ne a lardin Teruel na yankin Aragon a Sifaniya, mutanensa kusan 1,000, yana zaune a kan dutse sama da mita 1,100 daga matakin teku. Kogin Guadalaviar ya kusa zagaye shi. Sunan ya samo asali daga Banu Razin, zuriyar Barbar Musulmi da suka mulki wurin a ƙarni na 11, kuma hasumiyar Andador da ke can ƙololuwar ganuwa tun ƙarni na 10 take tsaye. A ganina ya cancanci wahalar zuwa, da sharaɗin mutum ya kwana.

Daga birnin Teruel tafiyar kusan kilomita 38 ce, minti 40 a mota. Motar haya tana ƙaranci ƙwarai, wanda ya dogara da ita zai iya maƙalewa, gara a ɗauki hayar ƙaramar mota. A ajiye ta a wurin fakin da ke ƙasa kusa da kogi, don lungunan sama ba sa ɗaukar mota. Nan ne masu babban akwati ke shan wuya: daɓen duwatsu ne da matakala, tayar akwati ba ta jurewa. Jakar goyo da takalmi mai kama ƙasa sun wadatar.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne gidajen. An shafe su da wani farar ƙasa mai ja-ja da ake haƙowa a yankin, benayen sama sun turo kai waje har rufin wannan gida ya kusa taɓa na wancan, ƙofofin kuma na katako ne masu maƙwanƙwasan ƙarfe, wasu da siffar ƙadangare. Gidan Julianeta, wanda ya karkace a mahaɗar lungu biyu, kowa na tsayawa ɗaukarsa hoto. Da rana tsaka ranar Asabar sai ka bi layi. Da sassafe kuwa lungun naka ne kai kaɗai. Dalilin kwanan ke nan.

Hawan ganuwa kyauta ne, amma gangaren yana da tsakuwa mai zamewa, wurare da dama babu abin dafawa. Kada a hau da ƙananan yara ko bayan ruwan sama. Babban cocin ƙarni na 16 da ɗan jagora ake shiga, cikin sa'o'in da aka ƙayyade, don haka a fara yankar tikiti da isowa.

Abinci yana son lura. Teruel ta shahara da busasshen naman alade, ana saka shi har a miyar da ba ka zata ba, kuma kifin kogin ma wani lokaci da shi ake soyawa. A tambaya ƙarara kafin a yi oda. Cukun tumaki na yankin yana da daɗi sosai. Abincin rana sai wajen ƙarfe 1:30, na dare ba ya farawa kafin 8:30, tsakani kicin a rufe yake.

Sanyin hunturu a nan ba wasa ba ne, ruwa kan daskare da dare. Mayu, Yuni ko Oktoba sun fi, kuma ko a bazara a riƙe rigar sanyi don yamma.