Bugun bayan hannu a tanis: hannu ɗaya ko hannu biyu?

Malam, ka ce yaron da kake horarwa shekararsa 12, badame ne, yana shiga gasa, da hannu biyu yake dukan ƙwallon da ta zo masa ta hagu, yanzu kuma ya kafe sai ya koma hannu ɗaya irin na shahararren ɗan wasa Federer. Shawararmu ita ce ka bar shi a kan hannu biyu, amma ka koya masa yanka, wato bugun da raket ke saukowa daga sama ya shafi ƙasan ƙwallo, da hannu ɗaya tun yanzu.

Mu fara da riƙo. Mariƙin raket gefe takwas gare shi. Mai hannu ɗaya yana ɗora gindin manuninsa a gefe na 1, na can sama. Mai hannu biyu kuwa damarsa na kan gefe na 2, hagu a samanta kan gefe na 7, kuma hagun ce ke yin aikin, dama 'yar rakiya ce. In kana son gane haka, sa yaron ya saki dama ya buga ƙwallo 20 da hagu zalla kamar bahago. Za ka ga inda matsalarsa take.

Babban bambancin yana wurin haɗuwa da ƙwallo. Hannu ɗaya dole a tare ta can gaba da ƙafar dama, hannu a miƙe, ƙirji na kallon gefe, hagu ta koma baya kamar fiffike don kada kafaɗa ta buɗe. Aka makara ko da ƙiftawar ido ne, gwiwar hannu ce za ta yi gaba, wuyan hannu ya lanƙwashe, ƙwallo ta tafi sama ba ƙarfi. In yaro ya saba da haka, ciwon gwiwar hannu na nan tafe. Hannu biyu yana yafe makara: ana dukan ƙwallo kusa da ƙugu, kuma ko ƙafafu ba su gama daidaita ba, juyin ƙugu zai fid da mutum.

Sai ƙwallo mai tashi sama da kafaɗa, wadda ita ce ajalin hannu ɗaya. Da ita Nadal, mai wasa da hagu, ya riƙa gasa wa Federer aya a hannu, yana murza ƙwallo zuwa hagun Federer ba ƙaƙƙautawa. A wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 2008 ci 6-1, 6-3, 6-0 aka tashi. Sai da Federer ya koma raket mai faɗin kai, ya riƙa shigowa yana tarar ƙwallo tun tana tasowa daga ƙasa, sannan ya sake doke shi a babbar gasa, ta Ostireliya a 2017. To, ɗan shekara 12 ba tsawo, ba ƙarfin kafaɗa, kuma sa'o'insa da sun gano lagonsa can za su yini suna luma masa ƙwallo. Wajen mayar da sabis, wato bugun fara wasa, ma hannu biyu ne a gaba, saboda ba sai an ja raket baya da nisa ba. Dubi Agassi da Djokovic, masu hannu biyu.

Ba wai hannu ɗaya ba shi da rana ba. Ya fi kaiwa nesa, ya fi jin daɗin ƙwallo mai bin ƙasa, kuma daga shi zuwa yanka ko tara a bakin raga ba nisa. Wawrinka da shi ya ci Djokovic a Faris a 2015, yana zuba ƙwallo ta bin layi, inda raga ta fi tsawo (mita 1.07 a jikin sanda, 0.914 a tsakiya). Hannu biyu kuma yana takura in ƙwallo ta yi nisa, yana kuma cin wuyan hannun hagu. Del Potro, mai hannu biyu, ya sha tiyata a nan. Duk da haka, a Fabrairun 2024 an wayi gari babu mai hannu ɗaya cikin maza goma na saman duniya, karo na farko tun da aka fara jerin matsayin 'yan wasa a 1973.

Abin da koci ya fi mantawa shi ne zuciyar yaro. Sampras ya yi wannan sauyi yana wajen shekara 14, kuma ya daɗe yana shan kashi a hannun waɗanda a da yake lallasawa kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Naka zai jure? Iyayensa fa?

In har ya nace, gwada shi: jefa masa ƙwallo 20 daidai kafaɗa, ka ƙirga nawa suka wuce layin sabis, wanda ke tsakanin raga da ƙarshen fili, da hannu ɗaya, nawa da biyu, ya gani da idonsa. In za a sauya, a yi lokacin da babu gasa, kuma a yi yarjejeniya ba komawa hannu biyu in wasa ya yi zafi. Kafin nan, minti 15 na yanka a kowane atisaye: riƙo a gefe na 2, raket daga sama zuwa ƙasa da gaba, ƙwallo ta wuce dab da raga.