Parabol, kile ko intanet: abin da za ka duba kafin ka zuba kuɗi a kallon fim a Damagaram

Duk wanda ya shiga kasuwar Dole neman tele, tambayarsa ta farko ita ce inci nawa. Mai shago ma ya san haka, shi ya sa babbar yake kunnawa a bakin ƙofa, da hoton kifaye masu launi suna yawo a ruwa. Sai an kai ta gida an kafe a bango ake tuna tambayar da ta fi wannan nauyi: fim ɗin ta ina zai shigo?

Mu nan ba mu da gidan silima irin wanda sabon fim ke sauka a makon fitowarsa. A Yamai Canal Olympia ta buɗe nata a 2017, kusan kilomita 900 daga nan, ba wanda zai hau bas ya wuni a hanya don fim na awa biyu. Kallonmu na gida ne, ko na tsakar gida, ko na fada, wato majalisar samari, bayan sallar isha'i. Kuma mai neman sabon fim da mai neman tsohon fim mai daraja ba hanyarsu ɗaya ba. Wannan bambancin shi ya kamata ya yanke maka abin da za ka saya.

Parabol na kyauta shi ne mafi sauƙin lissafi. Ka sayi faranti da dekoda, ka biya mai ɗaurawa, shi ke nan. Za ka sami Tele Sahel, za ka sami Arewa24 da wasanninta masu dogon zango, da tashoshin wa'azi da na labarai. Ga gidan da ke da mata da yara masu bibiyar shiri mako-mako, ya isa har ya yi yawa. Sai dai ba kai ke zaɓen fim ba, abin da aka sa shi za ka gani.

Na biyan wata-wata, wato Canal+ ko StarTimes, ya fi shi tsabtar hoto da yawan tashoshi. Amma kafin ka biya, ka ce wa mai sayarwa ya nuna maka takardar tashoshi, ka nemi tashoshin silima da idonka. A ƙaramin kunshi ba kasafai suke ba, suna cikin masu tsada. Sababbin finafinan ƙetare kuma sai sun yi watanni da fitowa suke isowa, yawanci da muryar Faransanci. In a gidanku akwai masu ƙwallo, kuɗin watan ya biya kansa tun kafin a zo maganar fim. In don fim kaɗai ne, ka ƙirga nawa ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe a watan da ya wuce, ka raba kuɗin a kansu. Lissafin kan ba mutum kunya.

Hanyar da ta fi kowace jama'a ita ce ta masu turi. Ka miƙa kile, wato filash na USB, ko katin waya, yaro ya zura a kwamfuta, ya tambaye ka: "Yaya, Indiya-Hausa ko na faɗa?" Cikin ƴan mintuna ka tafi da abin kallo na mako guda, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A fassarar Indiya da ta Sin da wasannin Kano ba wanda ya kama ƙafarsu. Matsalar tana wajen fim ɗin da ya fito jiya-jiya. In an ce maka ga shi alhali ko wata bai yi a silima ba, to kusan ko da yaushe wani ne ya ɗauka da kyamara daga kujerar ƴan kallo. Za ka ga hoton ya ɗan karkace, kan wani ya gifta, ka ji tari, ga tallan caca yana ta ratsa tsakiyar allo. Kafin a tura maka, ka ce ya buɗe ya ja zuwa tsakiya, wurin da aka yi ɗauka da dare, ka gani ko kana bambance fuskoki. Ka kuma duba nauyinsa. Fim na awa biyu da bai kai mega 400 ba na waya ne, a tele sai ya farfashe kamar an jiƙa hoto a ruwa. Haƙurin wata biyu ko uku yakan kawo kwafi mai kyau.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa: ko dala ɗaya daga kuɗin turi ba ta komawa hannun wanda ya yi fim ɗin. Satar fasaha na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai ta Kano, har masu shiryawa suka koma YouTube. Saboda haka in shirin yana tashar mai shi, ka daure ka kalla a can, ko ba komai kuɗin talla zai isa gare shi.

Shi kansa kilen a yi hattara. Na jabu ya cika kasuwa: a jiki an rubuta giga 64, cikinsa bai wuce 8 ba, za ka ga sunayen finafinai reras amma rabinsu ba sa buɗewa. Ka cika shi taf a ranar da ka saya, ka buɗe na farko da na ƙarshe. Kuma kilen da aka tsara da tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fim ɗin da ya haura giga 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, su kuma ba kowace tele ke karanta su ba.

Intanet ita ce ta ba ka zaɓi na gaske, ita ce kuma ke cin aljihu ba sallama. Netflix da kanta ta ce awa ɗaya na kallo yana iya cin giga 1 a matsakaicin hoto, giga 3 a HD, har giga 7 a 4K. Fim ɗin Indiya na awa uku a HD kusan giga 9 ke nan. Da forfe, wato datar da ake saya, na Airtel ko Moov ko Zamani na yau da kullum, wannan ba sana'ar da za ta ɗore ba ce. Dabarar ita ce ka saukar da fim a 480p lokacin da layi ya yi sanyi, can tsakar dare, ka kalla washegari ba tsinkewa. A wannan ma'aunin awa ɗaya ba ta cika wuce rabin giga da ɗan wani abu ba, kuma a tele mai inci 32 ba laifi. Netflix tana kuma bukatar katin banki, sannan rumbunta na sababbi ne, tsofaffin finafinai ƙalilan ne a ciki. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam da ta fara aiki a Nijar a 2025, ta warware maganar giga, amma kuɗin kayan da na wata sun fi dacewa da gida babba ko fadar da za ta yi karo-karo, kuma babban farantinta ya fi ƙaramar tele cin wuta.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Ka je wajen mai turi ka ce kana neman fim ɗin Oumarou Ganda, ka ga irin kallon da zai yi maka. Alhali wannan ɗan Nijar shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO, Dokin Yennenga, a Wagadugu a 1972, da "Le Wazzou polygame". Moustapha Alassane, da ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, tun shekarun 1960 yake zana kwaɗi yana motsa su a fim yana yi wa masu mulki shaguɓe, lokacin da ƙasashe da yawa na Afirka ba su fara komai ba. "Sarraounia" na Med Hondo, da aka ɗauka a Burkina Faso daga littafin Abdoulaye Mamani ya kuma ci kyautar FESPACO a 1987, labarin rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ne, kuma ragowar wannan rundunar ce ta gwabza da Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a 1899 ta shigo Damagaram. Ka sa wannan a tsakar gida da dattijo ɗaya a wurin, hirar da za ta biyo baya sai ta fi fim ɗin tsawo. Na kusa-kusa ma akwai: "Zin'naariyâ!" na Rahmatou Keïta na 2016, da labarinsa ke cikin masarautar nan, shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. Aïcha Macky, ƴar garin nan, a 2021 ta fitar da "Zinder" a kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausar da muke ji a titi. Wasu sun ce ta tona asirin gari, wasu sun ce gaskiya ta faɗa. Ni ina ganin duk mai son tsoma baki a gardamar ya fara kallonsa tukuna.

Irin waɗannan ba parabol ke kawo su ba sai jefi-jefi, ba kuma turi ba. Nema ake yi: a YouTube, a wajen malaman jami'a da ɗalibansu, a ranakun da wata cibiyar al'adu ta shirya nuni. Kuma kwafi ya bambanta da kwafi. Wani daga tsohon kaset aka kwaso shi, ya dushe, sauti na shuu. Wani kuma gyararre ne daga asalin zaren fim. Tun 2017 gidauniyar Martin Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, suka ɗauki aikin gyara finafinan Afirka 50. "Shaihu Umar" na Adamu Halilu, na 1976, da aka daɗe ana zaton ya ɓata, an gyara shi an nuna a bikin Berlin a 2018. In kana nema, ka haɗa sunan fim da kalmar da ke nufin gyararre a Faransanci ko Turanci. Yawancinsu da Zabarmanci ne ko wani harshe, fassara tana rubuce a ƙasan allo, shi ya sa waya ba ta yi musu adalci, musamman in mutum ya wuce biyu. Ga yara da tsofaffin da ba sa karatu, finafinan barkwanci marasa magana na shekarun 1920 suna nan kyauta a intanet, ba sa bukatar tafinta.

Sai yanzu muka iso kan allo. Ka tafi shago da kilenka a aljihu, da fim uku a ciki: ɗaya na turi, ɗaya wanda aka matse da tsarin H.265, ɗaya tsoho baƙi da fari mai fassara a fayil na daban. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan ai komai tana ci." Ka ce masa, "To maigida, bismilla, mu gani." Tele da yawa masu araha za su nuna hoto ba sauti, ko su rubuta cewa ba su gane fayil ɗin ba, ko su ƙi fito da fassarar. Ka karɓi rimot ka nemi wurin da ake mayar da hoto 4:3, domin tsofaffin finafinai kusan murabba'i ne, in tele ta baje su sai kowa ya zama gajere mai faɗin fuska. Ka tsaya daga gefe ka gani ko baƙi yana komawa toka-toka, tunda ba kowa ne zai sami tsakiyar tabarma ba. Kalmar "smart" da ke jikin kwali kada ta ruɗe ka. Mai araha takan yi nauyi bayan shekara ɗaya ko biyu, gara tele mai kyawun allo da ramin HDMI biyu, ka haɗa mata ƙaramin akwatin Android wanda in ya tsufa shi kaɗai za ka canja.

Girman allo kuma wuta ce ke yanke shi. Wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan an katse ta a watan Agustan 2023, kuma ko ba rikici, watannin zafi ba a rasa ɗaukewa. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa, amma in na ruwa ne ko jel, rabi kawai ya kamata ka ja in kana son ya yi ƙarko. Tele mai inci 32 tana cin wat 40 ko kusa da haka, da dekoda a ce 55, wato awa goma ke nan. Mai inci 55 tana iya haura wat 100, ga asarar inbata, sai ka tsinci kanka a awa huɗu ko biyar, ba a sa fanka a lissafi ba. Ga mai dogaro da sola, tele mai shan volt 12 kai tsaye ta fi. Mai dogaro da kamfanin wuta na NIGELEC kuma kada ya bar shago ba tare da na'urar daidaita wuta ba, dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta kashe kaya.

Majigi yana da daɗin da tele ba ta da shi. Farin bango ko zanen gado, tsakar gida, mutum ashirin, tsohon fim ya koma girman da aka yi shi dominsa. Ga fada, ni shi zan zaɓa. Amma ƙananan da suka cika kasuwa akwai ƙarya a kwalinsu. Za a rubuta 1080p, alhali nufinsu yana karɓar irin wannan hoton, abin da yake fitarwa 480 ne. Ka tambayi ainihin ƙarfin hotonsa, ka nemi hasken da aka auna da ma'aunin ANSI, lambobin dubbai da ba ANSI a gefensu ado ne kawai. Wanda bai kai ANSI 200 ba sai duhu ya yi sosai, ko fitilar maƙwabci tana iya wanke shi. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramin fankarsa ta zauna a gilashi, ka ga ɗigo-ɗigo a fuskar jarumi, don haka a riƙa mayar da shi jaka bayan kallo. Lasifikarsa kuma ba ta kai ko'ina, dole ka sa kuɗin wata lasifikar a lissafi. Wannan ma har tele ya shafa: siraran nan ba su da murya, fanka na juyawa janareton maƙwabta na ruri, rabin maganar fim ta tafi.

In iyali ne masu bin wasannin Hausa, parabol na kyauta da tele mai inci 32 ko 43 da ke karanta kile da kyau sun wadatar. In kai mai bin tsofaffin finafinai ne, kuɗin da za ka ba abonema, wato biyan wata-wata, ka mayar da shi forfe da kile na gaske, ka fara tara naka rumbun, ka ajiye kwafi biyu na duk wanda ka sha wuya kafin ka samu. Ko wanne ka ɗauka, ka sa mai shago ya rubuta maka lambar kayan da kwanakin garanti a rasit, ka kuma bar kwalin a ajiye har kwanakin su cika, domin da yawansu ba sa karɓar kaya ba kwali.