Zanen jiragen dako a ruwan Paris: wanne ya dace ka saya?

A shekarar 1870 Alfred Sisley ya tsaya a bakin mashigin Saint-Martin, wata hanyar ruwa da aka haƙa a cikin birnin Paris, ya zana jiragen dako suna fake a gefe, hasken rana yana rawa a kan ruwa. Mashigin na aiki ne, an buɗe shi a 1825 domin shigo da ruwan sha da kaya cikin birni. Wajen 1875 kuma Claude Monet ya zana 'yan dako suna sauke kwal daga jirage a Kogin Seine, suna bin siraran katakai da kwanduna a kafaɗa. Zanukan biyu suna gidan adana zane na Orsay da ke Paris, ba na sayarwa ba ne. Wanda yake son irinsu a bangon falonsa yana da hanyoyi huɗu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce batun kuɗi.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, a salon su Sisley da Monet ruwa ne ke ɗauke da zanen. Masu shi ba sa murje fenti ya yi sumul. Suna ɗora launi kusa da launi da gajerun shafar buroshi, shuɗi nan, toka-toka can, ɗan fari a kai, sai ka ja da baya idonka ya haɗa su. Kaurin fentin mai yana kama hasken ɗaki, shi ya sa zanen da ka gani da hantsi ba shi ne na la'asar ba. Duk zaɓin da za ka yi, da wannan za ka auna shi.

Mafi sauƙi shi ne bugun inji, a takarda ko a kyallen kanbas. Sisley ya rasu a 1899, Monet a 1926, don haka babu haƙƙin mallaka da zai hana buga ayyukansu. Bugu mai kyau yana ba ka tsari da launukan asali daidai, amma a shafe yake, ba shi da tudu ko kwari. Ka tambayi irin tawadar: mai garin launi ta fi ta rini jure haske nesa ba kusa ba. Ka kuma kula da girma. Zanen Sisley na 1870 kimanin santimita 50 ne da 65. In aka buɗa shi ya cika bango, shafar buroshin sai ta koma tabo.

Akwai kwafin hannu, wanda ake zanawa da fentin mai na gaske, da yawa daga unguwar Dafen a birnin Shenzhen na China. A nan ne nake jan kunnen mai saye. Mai kwafi yana iya fitar da jirgi da gada da hayaƙin masana'anta tsaf, amma in ya zo kan ruwa yakan murje shi, ya kashe rawar hasken da ita ce dalilin sayen. Kada ka biya sai an turo maka hoton ainihin zanen da za a aiko, an ɗauke shi ta gefe yadda kaurin fentin zai fito. Sannan akwai 'yan damfara da ke buga hoto a kanbas su shafa masa wani farin danƙo don ya yi kama da aikin buroshi. Gane su ba wuya: a zanen gaskiya tudun fenti yana tafiya tare da launinsa, a na jabu tudun yana gabas launin yana yamma. Gilashin ƙara girma ma zai nuna maka ɗigo-ɗigon inji.

Tsohon zane na asali daga gwanjo wani fage ne daban. Stanislas Lépine da Albert Lebourg sun zana tashoshin Seine da yawa, kuma farashinsu bai kai na Monet ba, amma sai da takardun da ke nuna hannuwan da zanen ya bi, da rahoton gyaran da aka taɓa yi masa. Ka ƙara da kamashon gidan gwanjo da inshora da kuɗin kwastan kafin ka ɗaga hannu.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da sabon zane daga hannun mai zane da ke raye. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya daɗe yana yaye gwanayen fentin mai, kuma kwale-kwalen da ke dakon kaya a Kogin Kwara ta Yamai ko Lakwaja aiki ɗaya suke yi da jiragen Sisley. Kana samun fenti mai kauri da aka ɗora ana kallon ruwa na gaske, kana kuma iya faɗin abin da kake so. Wanda ba ya son surar mutum a ɗakinsa, misali, zai iya cewa a bar jirage da ruwa kawai, abin da zanen 'yan dakon Monet ba zai ba shi ba.

Sai batun yanayi. Ƙurar hunturu tana shiga kwarin fenti ta zauna, don haka a tabbatar an shafa wa zanen banis, wato man da ke kare fuskar fenti; sabon zane yana bukatar wata 6 zuwa shekara ya bushe kafin a shafa. Bugun takarda dole sai da gilashi. Kada a rataye ko wanne inda rana ke dukansa kai tsaye, ko a bangon da ke tsatsafar ruwa da damina. Buroshi mai laushi a bushe ya isa kakkaɓe ƙura, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In kuma a naɗe za a aiko maka da kanbas, ka ce a naɗe shi fuskar fentin tana waje, domin naɗin ciki yana tsattsaga shi.