Albashin Wata Ko Kwantiragin Intanet: Wanne Ya Fi Tare Tsadar Rayuwa?

Ɗan uwa, ka ce albashi ya daina kai ka ƙarshen wata, ga kuma wani kamfanin waje yana so ka riƙa yi masa aikin kwantiragi daga gida, shi ne kake tambayar wanne ya fi. Na taɓa duka biyun, bari in jera maka su.

Albashi dai tafiyar hawainiya yake yi. Kaya su tashi sau uku a shekara, shi kuwa sai an yi sa'a a duba shi sau ɗaya. Amma ranar biya sananniya ce, ga hutu, ga fansho, wani wurin har da inshorar lafiya. Ka kwanta ciwo mako guda, kuɗinka na nan.

Kwantiragi kuwa, ba zaman gidan ne ke kare ka ba, irin kuɗin da ake biyanka ne. In da dala ko yuro ake biya, duk ranar da kuɗin ƙasarku ya faɗi, abin da za ka canza ya ƙaru ba tare da ka roƙi kowa ƙari ba. Na biyu, kai ke yanka wa aikinka farashi, kowane sabon mai ba da aiki dama ce ta ɗaga shi. Sai dai dalar ma ba dutse ba ce: a watan Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100. Kuma ranar da kuɗinku ya farfaɗo, samunka ne zai ragu.

Sannan akwai masu yanka a hanya. Fiverr, wani shafin intanet da ke haɗa masu aiki da masu ba da aiki, na cire kashi 20 cikin 100, wato aikin dala 100 dala 80 za ka gani, ita ma sai ta yi kwana 14 a riƙe kafin ka taɓa. Wajen cirewa da canji a sake gutsura. Data, wuta, gyaran kwamfuta, haraji, duk a wuyanka. Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne wani kamfani da ke ba ni fiye da rabin samuna. Wata safiya na buɗe imel na tarar da layi biyu, wai sun dakatar da aikin, sun gode. Ba sallama, ba sisi. Wata biyu ina cin ajiya.

Da ni ne kai, ba zan saki reshe in kama ganye ba tukuna. In ƙa'idar wurin aikinka ta yarda, karɓi kwantiragin ka riƙa yi da dare da ƙarshen mako, har ka samu masu ba ka aiki biyu ko uku da ajiyar wata uku. Kafin ka sa hannu kuma, duba abu uku a takardar: da wane kuɗi za su biya, kwana nawa bayan miƙa aiki, da sanarwar kwana nawa za su ba ka in za su tsayar. Turo min wannan ɓangaren mu duba tare.