Abincin aku a Jidda: felet, haɗin hatsi ko fasfas?

Abu uku za a miƙo maka a shagon tsuntsaye: fasfas da gyaɗa, haɗin hatsi, ko dunƙulallen abincin nan da ake kira felet.

Fasfas, wato 'ya'yan furen rana, kusan rabinsa mai ne. Ƙwalama ce, guda biyar zuwa goma a rana sun isa. Haɗin hatsi kuwa kyan ido gare shi, amma aku sai ya tsince fasfas ɗin ya watsar da gero da dawa.

Felet ne zaɓina, musamman marar launi. An niƙa hatsi da bitamin an dunƙule su wuri guda, ba abin da tsuntsu zai tsince. Aku mai jar wutsiya, wanda Larabawa ke kira kasko, ya yi ƙaurin suna wajen ƙarancin kalsiyam da bitamin A idan hatsi kaɗai yake ci, har ya riƙa faɗowa daga kan sanda. A ba shi felet wajen kashi 70 cikin 100, sauran kuma karas, kabewa, tattasai da ganyen zogale. Dabino sukari ne, ɗan ɓallin rabi ya wadatar. Fiya da cakulan guba ne.

Kada a sauya masa rana ɗaya. A riƙa gauraya sabon da tsohon har mako huɗu zuwa shida, ana auna shi kowace safiya da sikelin kicin kafin ya ci. Kasko yakan kai giram 400 zuwa 550. In ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, a nemi likitan dabbobi. A shafa ƙirjinsa: idan tsoka ta binne ƙashin, ya yi ƙiba.

Sai batun sayen, inda ake cutar mutane. Felet ɗin da aka ɗura a farar leda ana cewa na kamfanin Harrison's ne ko ZuPreem, ka bar shi, komai arha. Ba kwanan wata, ba hatimi, wa ya san watannin da ya yi a buɗe? Duk abincin da za ka saya, ka murza da yatsa, ka sunsuna. Garin ƙura a gindin leda aikin ƙwari ne, warin tsohon mai kuma alamar ya lalace. Gyaɗa ta fi haɗari, domin zafi da laimar Jidda na haifar da fumfuna mai lalata hanta, kuma ba kullum ido ke ganinta ba. Ka sayi ƙaramin ƙunshi da zai ƙare cikin wata guda, ka rufe shi a mazubi cikin firji.