Masu Hilux da Land Cruiser ku yi hattara da mai tallan winci da dif-lok ɗin nan

Salam jama'a, musamman direbobi da masu motocin shiga daji. Akwai wani mutum da ke tallan winci (injin igiya mai jawo mota in ta maƙale) da dif-lok, wato loka (na'urar kulle tayoyi biyu su juya tare), a Facebook da TikTok, yana kuma kutsawa guruf ɗin direbobi na WhatsApp, dan Allah kar wanda ya tura masa ko sisi. Kama sunansa ba shi da amfani don canza shi yake kamar riga, yau wannan shafi gobe wancan, amma salon aikin nasa ɗaya ne, in kun gani za ku gane shi.

Zai ce maka kayan wata ƙungiyar agaji ne da ta gama aiki ake gwanjonsu, wincin Warn na Amurka mai jan nauyin fam 12,000 da loka ta ARB ta Ostareliya, sababbi dal a kwali, a ƙasa da rabin kuɗinsu. Ka tura rabi da kuɗin waybil, in kaya sun iso ka cika. Wasu suna turawa yake blokin ɗinsu, kuma wallahi a ganina waɗannan su suka tsira da sauƙi, kuɗi kawai suka rasa. Waɗanda kayan suka iso musu su ne abin tausayi, don sai sun yi nisa da gari sannan suke sanin abin da suka saya.

Bidiyon da yake sawa ma ku lura da shi, winci yana jan mota ba lodi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, motar da yara huɗu za su tura. Wannan ba gwaji ba ne. Aikin winci sai mota ta nutse a taɓo har cikinta ya zauna. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce ƙarfin winci ya kai nauyin motar da lodinta sau ɗaya da rabi, Hilux da kaya tana kai wajen tan 3, kenan kana buƙatar abin da zai ja kilo 4,500 ko fiye, fam 12,000 kuwa kusan kilo 5,400 ne. Kuma ko a orijinal ɗin wannan lambar ta zagayen farko ce na igiya a jikin ganga, duk sanda igiya ta ƙara hawa kan 'yar uwarta ƙarfin raguwa yake. To ina ga wanda tun asali ƙaramin winci ne aka manna masa sitikar babba?

Na ga ɗaya da idona a garejin da nake gyara, wani direba mai ɗaukar buhunan masara daga ƙauye ya kawo shi a bayan mota. Abu na farko nauyi, winci mai fam 12,000 da igiyar ƙarfe yana kai wajen kilo 40, wannan kuwa yaron gareji ya sauke shi shi kaɗai ba ko nishi. Makanike ya kankare jajayen wayoyin batir ɗin da wuƙa sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Winci in yana ja da gaske yana zuƙar wuta har amfiya 400 ko sama da haka, siririyar wayar alminiyom ba za ta ɗauka ba, zafi take yi roba ta narke. Shi direban cewa ya yi a cikin laka abin ya fara hayaƙi, ya saki madannin rimot amma winci bai tsaya ba saboda solinoyid, wato makunnin da ke sakar masa wuta, ya manne, igiya tana ta ɗaurewa yana ihu yaransa su matsa, da kyar ya samu ya cire kan batir. Igiyar ƙarfe in ta tsinke tana cikin ja, bulala take yi, tana iya karya ƙafar mutum ko ma ta fi haka. Allah ya kiyaye kawai.

Amma abin da ya fi ƙona min rai maganar dif-lok ce, don nan rainin hankalin ya kai maƙura.

Ga wanda bai sani ba, difirensha ta bak-aksil an yi ta ne don tayar waje ta fi ta ciki gudu in za ka sha kwana. Illarta a daji, in taya ɗaya ta hau santsi ko ta rataye a sama duk juyawar can take tafiya, ita ta yi ta wulwulawa mai riƙe da ƙasa tana tsaye, ko ka saka okzilari, wato giyar da ke sa tayoyin gaba su ma su ja, haka za ka zauna. Loka ita ke kulle tayoyin biyu su juya tare lokacin da kake so, in ka fita ka sake ta. Ta ARB da iska take aiki, dole akwai kwamfiresa da siririn tiyo da ke shiga cikin gidan aksil ta ramin da aka huda. Ta Eaton da wuta take, ita ma za ka ga waya ta shiga gidan aksil ɗin.

Shi wannan bawan Allah cewa yake kar ka ba makanikenka, wai garanti zai lalace, yaransa za su zo su ɗaura. Su ce ka je ka dawo da yamma. Abin da suke yi, su buɗe difirensha su yi wa ƙananan giyoyin ciki walda su zama dunƙule ɗaya, su rufe, su huda dashbod su saka wani madanni mai jar fitila. Ka danna fitila ta kama, a kai ka yashi a gwada, mota kuwa ta fita tunda tayoyin a kulle suke, kai kana murna ka cika kuɗi har da na shan ruwa. Wayar madannin in ka bi ta a ƙarƙashin kafet ta ƙare, an naɗe bakinta da baƙin tef. Motarka ta zama kulle dare da rana. A kan kwalta za ka ji taya tana kuka a kwana, mota tana turjewa ba ta son juyawa, tayoyin baya su cinye da wuri, in da lodi shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ya karye, in kuma an yi ruwa bayan motar na iya kwacewa a kwana. Wani ma cewa aka yi masa wai haka sabuwar loka take sai ta saba.

Gwajin ba wuya, minti biyar ne. A sa kara a tayoyin gaba, a ɗaga bayan motar da jak tayoyi biyu su bar ƙasa, a saki hanbirki, ka kashe madannin ka juya taya ɗaya da hannu. A difirensha ta yau da kullum ɗayar za ta juya ta baya ko ta tsaya. Ka kunna, yanzu su juya tare gefe ɗaya, ka sake kashewa su rabu. In kunne da kashe duk ɗaya ne, a ƙanƙame suke ba sa rabuwa, a buɗe a duba walda.

Wata alama kuma tun a waya, mai sayar da loka na gaskiya sai ya dame ka da tambaya, wace mota, wace shekara, gaba ko baya, haƙoran bakin shaf nawa ne, don kowane aksil da tasa. Shi wannan cewa yake tana shiga kowace mota. Ka ce ya ɗauko hoton lambar siriyal ta jikin wincin ba ta kwali ba, nan zai fara cewa netwok, ko wani Alhaji na hanya zai kwashe duka in ba ka yi sauri ba. Ni dai kayan da ban ɗaga da hannuna ba, makanikena bai tsaya a kai ba, ba na biya, gara na sha wahalar zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna in san shagon da zan koma in an samu matsala.

Yanzu ya fara sa farashi da sefa yana nufin 'yan uwanmu masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Jado, dan Allah wanda yake guruf ɗinsu ya tura musu, can in shaf ya karye ba gareji kusa. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana alat da hirarsu duka, ya je bankinsa da gaggawa ya kai ƙorafi kan akawun ɗin, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma aka riga aka ɗaura masa, kar ya ƙara yin lodi sai makanike ya buɗe aksil ɗin an canza giyoyin da aka yi wa walda, wincin kuma a cire wayarsa daga batir tun yau.