Ma'aunin S-LOMS: na gwada shi da ɗalibaina

Duk malamin jami'ar da ya taɓa tura ɗalibai hidimar al'umma a matsayin darasi ya san tambayar da ke jiransa a ƙarshen zango: me suka ƙaru da shi? Na daɗe ina cewa "sun canza sosai", alhali ba ni da abin nunawa. Shi ya sa na nemo S-LOMS, takardar tambayoyin auna abin da ɗalibai suka ƙaru da shi a hidimar al'umma, wadda Robin Snell da Ka Hing Lau na Jami'ar Lingnan da ke Hong Kong suka fitar a 2020.

Jimloli 56 ne. Ɗalibi yana ba kansa maki daga 1 zuwa 10 a kan kowace, kafin a fita aiki da kuma bayan an dawo. An kasa su gida huɗu: aiki da ilimin da aka koya a aji, ƙwarewar aiki da mu'amala, kishin al'umma, sai sanin kai. Na ƙarshen ne ya fi burge ni, domin yana sa ɗalibi ya tsaya ya dubi kansa, abin da jarrabawa ba ta yi. Na kuma ji daɗin cewa da ɗaliban Hong Kong aka gina shi, ba kwaso ma'aunin Amurka aka yi ba, daga baya kuma aka gwada shi a Singafo.

Sai dai mutum ne ke auna kansa, kuma ba kowace al'ada ta yarda da yabon kai ba. Wanda ya taso da jin cewa yabon kai jahilci ne zai yi nauyin rubuta 10 ko da ya cancanta. Wata ɗalibata da ta fi kowa himma ta ba kanta makin fahimtar al'umma ƙasa da wanda ta rubuta da farko. Da na tambaye ta, ta ce: "Malam, da can ban san ban sani ba." A takarda baya ta ci, a wurina kuwa ita ta fi kowa ƙaruwa.

Don haka ba na gwama makin ɗaliban wata ƙasa da na wata kai tsaye. Ɗalibi nake gwamawa da kansa, sannan in zauna in ji ta bakinsa. Zango mai zuwa zan sake raba takardar, amma zan haɗa da jin ra'ayin mutanen da aka yi wa hidimar.